Karmu Mai Guga da Kujerar Kot Sanwal

Kujerar mazaɓarmu ta Kot Sanwal a majalisar lardin Punjab ba ta riƙe mutum. Tun da na kafa teburin shayi a bakin tashar garin nan, sau huɗu ana kiranmu zaɓen cike gurbi, ban da manyan zaɓuɓɓukan da ake yi tare da sauran ƙasa. Duk sau huɗun kuwa sai da sunan maƙwabcina Karam Husain, wanda kowa ke kira Karmu, ya fito a takardar ƙuri'a. Bai taɓa ci ba. Bai kuma taɓa tsayawa a babban zaɓe ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa mutanen garin nan ba su daina tambayar junansu yaron waye shi ba.

Makanikin injin ban ruwa ne. Shagonsa na jikin rumfata, gidajenmu ma katanga ɗaya ta raba su a bayan masallacin Juma'a. Gajere ne mai faɗin ƙirji, baƙin mai ya zauna masa a ƙarƙashin farce. Ƙarar injin ta cinye masa kunnen hagu, don haka in kana masa magana sai ya karkato kai kamar mai shirin tunkuyi. Ba shi da yawan surutu. Babu gonar da babur ɗinsa bai shiga ba a ƙasar nan, ta talaka da ta mai hali, domin injin in ya tsaya ana tsakiyar ba alkama ruwa, babu mai tambayar wa makaniki yake bi.

Gida biyu ne ke juya mu. Akwai gidan Malik, masu gonakin auduga da rake. Akwai gidan Pir, masu hubbaren waliyyi da dubban muridai. Kujera in ba ta wannan gida, to tana wancan. Sauranmu aikinmu mu ci shinkafar kamfen mu buga hatimi a takardar ƙuri'a.

Zaɓen cike gurbi na farko ya biyo bayan rasuwar tsoho Malik Jahandad. Zuciyarsa ta buga a Lahore, aka kawo shi a motar asibiti. Ba a ma yi sadakar arba'in ba aka sa ranar zaɓe. Ɗansa Malik Sikandar ya fito neman kujerar uban, Pir Gulzar Shah ya fito daga ɗaya gidan.

Wata safiya na ga Karmu cikin farar riga da wando wankakku, ya hau bas zuwa babban garin gunduma. Da la'asar ya dawo ya zauna a bencina.

"Lala Ramzan, zuba min shayi mai kauri. Ɗan takara ne a gabanka."

Manzur wanzami yana zaune a gefe, shi ne gidan rediyon tashar nan. Sai da shayi ya sarƙe shi.

"Takarar me? Shugabancin masu baƙin mai?"

"Majalisa," in ji Karmu. "An ba ni alamar guga."

Aka kwashe da dariya har direbobin bas suka leƙo. Karmu bai yi dariya ba. Ya ce shi mutumin wutsiyar magudana ne, can inda ruwan gwamnati yake ƙarewa kafin ya iso. Ya ce shekara da shekaru manyan gonakin sama suna shanye rabon ƙauyukansu, ya faɗa wa gidan Malik an ce ya dawo, ya faɗa wa gidan Pir an tofa masa addu'a. To yanzu zai faɗa a lasifika.

Da ya tashi, Manzur ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Kai ka yarda? Mai gyaran injin yana neman a kawo ruwan magudana? In ruwa ya iso, wa zai kunna injin, balle ya lalace a kira shi? Mutum zai yi yaƙi da cikinsa? Wani ne ya tsayar da shi."

"Wa?"

"Wutsiyar magudana ƙuri'ar waye tun kakanni?"

Ta gidan Malik ce. Kowa ya sani. Kafin magariba magana ta zagaye gari cewa Pir ne ya dasa Karmu don ya yagi ƙuri'un Malik.

Kamfen ɗinsa guda ne: ya ɗaura guga a bayan babur, ya tafi aikinsa. In ya gama gyara, ya nuna wa manomi gugan ya ce, "Ka ga cikinsa? Haka magudanarmu take." Masu zolaya suka ce ai dole gugan ya zama wayam, na karɓar abin da za a zuba masa ne.

Ana saura kwanaki kaɗan zaɓe sai ga Munshi Atta, wakilin gidan Malik, ya tsaya a ƙofar shagon Karmu da mutum biyu a bayansa. Ina wankin kofuna, ina jin komai. A wajenmu ba a kama sunan manyan gidan Malik, Sa'in ake cewa, wato maigida.

"Karmu, Sa'in yana gaishe ka."

"Ina amsawa. Janareton gidan ne kuma?"

"Janareto lafiya lau. Sa'in ya ce ubanka a gonar ubansa ya yi aiki har ya mutu. Ya ce wasan ya isa haka."

Karmu ya karkato kai. "Me ka ce, Munshi? Ta wannan kunnen ba na ji."

Munshi ya ɗauke shi da mari a kunnensa mai ji. Karmu bai rama ba. Ya sunkuya ya ɗauki sifanar da ta faɗi daga hannunsa, ya ci gaba da kwance injin. Ranar zaɓe ya sami 'yan ɗaruruwan ƙuri'u. Malik Sikandar ya faɗi da ratar da ba ta kai yawan ƙuri'un Karmu ba.

Shi ke nan, zance ya tabbata a bakin mutane. Gidan Malik suka hana masu haya a gonakinsu kiransa. Kusan shekara guda Karmu yana zaune a ƙofar shago yana korar ƙuda. Muna ta zuba ido mu ga ranar da Pir zai saka masa. Ba mu ga komai ba. Manzur ya ce wannan ma wayo ne, manya ba sa biya a gaban jama'a. Ruwa kuwa bai iso wutsiyar magudana ba.

Da babban zaɓe ya zo na tambaye shi ko zai sake fitowa.

"A'a. A babban zaɓe ƙasa duka ce ke ihu, wa zai saurari mai guga? Amma na cike gurbi, Lala, kujera ɗaya ce tal a lardi duka. Ministoci da ƙafarsu suke zuwa har bakin tasharmu. Lokacin ne kaɗai ake ganinmu."

Maganar ta shiga kunnena. Amma da na maimaita wa Manzur sai ya ce, "Ka ji ko? Ya san lokacin da farashi yake tashi."

Aka yi shekaru. Pir Gulzar Shah ya tsufa, ya miƙa kujerar ga ɗan ƙanensa. Ɗan ƙanen kuma kotu ta tsige shi saboda takardar digirin da ya nuna ta bogi ce. A daminar wannan shekarar kogi ya yi ambaliyar da ba mu taɓa gani ba. Jingar da ta tare ruwa ta ɓalle ta ɓangaren ƙauyukan talakawa, gonakin hubbare kuwa ko jiƙewa ba su yi ba. Wasu suka rantse sun ga motar haƙa a kan jingar kwana ɗaya kafin ta ɓalle. Wasu suka ce ƙarya ce, ikon Allah ne. Har yau ba a san gaskiya ba. Waɗanda gidajensu suka narke dai yawancinsu muridan Pir ne.

Aka sa ranar cike gurbi, mutane na kwana a tantuna a bakin titi. Karmu ya sake sa farar rigarsa ya hau bas. Wannan karon tanti tanti yake bi, yana gyara musu famfon hannu kyauta, yana tambaya da ƙarfi irin na kurame, "Wa ya fasa jinga?" Ba ya kama sunan kowa. Tambayar kawai yake yi ya wuce.

Muridai da yawa ba su iya zaɓar Malik ba, zuciyarsu kuma ta ƙi gidan Pir. Suka buga wa guga. Malik Sikandar ya ci.

Washegari Manzur ya zo yana kaɗa kai. "Ashe duk shekarun nan mun yi kuskure. Yaron Malik ne."

"Wanda Munshi ya mara a gabana?"

"Mari nawa ne? Kai ma in za a gyara maka rayuwa ba za ka miƙa kunci ba? An yi ne don irinka su gani."

Abin da ya ƙara wa zancen ƙarfi, an ga babur ɗin Karmu a ƙofar gidan baƙin Malik ana saura mako guda zaɓe. Karmu ya ce janareto aka kira shi ya duba. Bayan wata biyu kuma sai ga shi da sabon babur, ja, yana sheƙi.

Ranar ina gida cin abincin rana na jiyo muryar matarsa Sugran ta kan katanga. Mace ce mai baki, ba ta iya raɗa ba.

"Baban Kausar, ni fa ba na iya zuwa famfo yanzu. Mata suna ganina sai su yi shiru."

"To ki bar su da shirunsu."

"Ka dube ni. Ɓaunata da nake tatsa, wadda ka fita da ita, wa ka sayar wa?"

"Dillali."

"Wane dillali? Matar Manzur ta ce an gan ta ɗaure a garken Malik!"

"To dillalin ya sayar masa. Ni zan hana ɓauna shiga inda aka kai ta?"

"Ka rantse babu hannun kowa a babur ɗin nan."

"Sugran, miƙo min albasa."

Bai rantse ba. Na ajiye gurasar da ke hannuna na kasa kunne, ban ji ya ƙara komai ba. Matata ta harare ni ta ce, "Ka ji abokinka." Ɓaunar dai, irin ta gida da muke kiwo a nan kamar saniya, ta bar gidan, wannan gaskiya ne, da idona na ga turken babu komai. Masu cewa ya sayar ya sayi babur suna da hujja. Masu cewa Malik ya karɓe ta ne don a rufe bakin mutane, ya biya ninkin kuɗinta, su ma da ɓaunar suke kafa hujja.

Ni kaina daga ranar na fara lura da shi. In mota ta tsaya a ƙofar shagonsa sai na sami dalilin fita zubar da ruwan wanki. In ya yi baƙo sai in kai musu shayin da ba su aika a kawo ba. Ban taɓa kama shi da komai ba. Hirar fistan da bawul kawai nake tararwa. Wata rana ya karɓi kofin ya dube ni ya ce, "Lala, kwanan nan kyautarka ta yi yawa." Ya yi murmushi kaɗan. Ban san ko ya gane ba ne ko zolaya ce kawai.

Na ukun shi ne mafi ban dariya. Malik Sikandar ya tsaya takarar kujera biyu a babban zaɓe, ta ƙasa da ta lardi, ya cinye duka, dole ya saki ɗaya. Ya saki tamu. A lokacin gidajen biyu sun shirya, an ƙulla aure a tsakaninsu. Suka yanke cewa surukin Malik zai hau ba hamayya, ba sai an wahalar da kowa da layi ba. Duk wanda ya nuna sha'awa aka kira shi aka ba shi shayi, ya janye. Ranar rufe karɓar takardu sai aka ga suna biyu a allon ofis: surukin Malik da Karam Husain.

Dole aka yi zaɓe. Da yake gwamnati ba ta son a ce mutane ba su fito ba, sai ga minista har bakin tasha. Aka zuba kwalta a titin kasuwa cikin mako guda. Aka kafa tukwanen shinkafa a kowace unguwa. Motocin haƙa suka shiga magudana suka yashe ta tun daga sama har wutsiya, aka toshe ɓarakar da manyan gonaki suka yi. A karo na farko yaran ƙauyen su Karmu suka yi wanka a ruwan magudana. Surukin Malik ya ci da rata mai nisa, kamar yadda kowa ya sani tun farko.

Na ce wa Manzur, "To yanzu fa? Ba na Pir ba ne, ba na Malik ba ne, tunda duka biyun ya ɓata wa shiri."

Ya wasa aska a tafin hannunsa. "Wa ya ci riba? 'Yan kwangilar titi. Masu hayar rumfuna da kujeru. Masu dafa shinkafa." Ya ɗago ya dube ni. "Har da masu shayi. Buhun sukari nawa ka ƙarar a watan nan, Ramzan?"

"Kai dai Allah ya shirye ka."

"Amin. Ni dai na ga katangarku ɗaya."

Wasa ya yi, amma kafin sati ya zagayo wani direba ya tambaye ni da gaske ko ni ne ma'ajin Karmu. Wasu kuma suka ce a'a, na 'yan leƙen asirin nan ne masu farar mota marar lamba, su ke ajiye irinsa a kowace mazaɓa don kada manya su yi ƙarfi da yawa. Ruwan ya yi kaka biyu yana isowa, daga nan ɓaraka ta dawo, wutsiya ta sake bushewa.

Lokacin zaɓe na huɗu Karmu ya tsufa, gemunsa ya yi fari tas. Kujerar tana hannun Malik Shahzeb, ɗan Sikandar, wanda ya sauya jam'iyya ana tsakiyar wa'adi aka sauke shi, ya dawo yana neman ta a ƙarƙashin sabuwar tuta. Gidan Pir, da auren nan ya riga ya mutu, suka tsayar da nasu. Akwai kuma wani matashin lauya, Nadim Bhatti, ɗan wani malamin makaranta, wanda babu mai lissafi da shi. Rayuwa ta yi tsada, taki ya gagari manomi, kuɗin wuta ya fi kuɗin haya. Mutane a cike suke.

Karmu ya hau bas kamar yadda ya saba. Amma wannan karon wasu samari suka ɗauke shi a waya yana nuna gugansa, suka watsa. Kafin ka ce me, gari ya cika da guga. An rataya a kan babura, an rataya a ƙofar shaguna, mata suna kifa shi a kan katanga. In ya shigo tasha samari su kewaye shi suna ganga da gindin bokiti, suna "Baba Guga! Baba Guga!" Shi kansa abin ya ba shi tsoro. Ya zo ya zauna a bencina.

"Lala, waɗannan yaran da gaske suke?"

"Kai ya kamata in tambaya."

"Ni ban shirya wa ci ba. In na je Lahore me zan ce musu?"

"Abin da ka saba faɗa."

Har Manzur sai da ya rataya ƙaramin guga a jikin madubinsa. Ya ce ba don ya yarda ba ne, don masu zuwa aski ne.

Ana saura mako guda zaɓe, 'yan sanda suka kama Tanwir, mijin Kausar, 'yar Karmu tilo mace. Wai an sace taransifoma a wata gona, an ga sawun babur ɗinsa. Tanwir ɗin da ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira maƙwabci. Aka ƙi ba da belinsa, aka hana ganinsa. Wanda ya kai masa abinci ya dawo ya ce ba ya iya taka ƙafarsa.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, aka kunna lasifika a filin kasuwar hatsi. Muka fita. Ga Karmu a kan dandamali kusa da Malik Shahzeb, an rataya masa furanni a wuya har sun rufe masa gemu. Aka miƙa masa makirufo. Ya ce, "Na janye. Ku zaɓi Sa'in." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Shahzeb ya rungume shi yana kiransa kawu. Kafin la'asar Tanwir yana gida.

Samarin nan suka haukace. Suka taru a ƙofar shagonsa suna jifan ƙyauren da bokitai. Wani ya cika nasa da ruwan kwata ya watsa a kan allon sunansa. Ni ma sai da na janye bencina ciki. Manzur ya cire gugan jikin madubinsa ya taka shi da ƙafa.

"Ban faɗa muku ba? Shekara nawa ina faɗa? Kiwonsa suka yi, suka bar shi ya yi ƙiba, yau suka yanka. Kamun surukin ma shiri ne, don a ce dole aka yi masa."

"Ƙafar Tanwir ma shiri ce?"

"Ka gan ta da idonka?"

Ban gan ta ba a lokacin. Daga baya na ga yana ɗingishi.

Sai dai an riga an buga takardun ƙuri'a, ba a iya cire guga ba. Ranar zaɓe mutane da yawa, musamman tsofaffin wutsiyar magudana da matansu, suka shiga suka buga masa hatimi duk da haka. Wasu ba su ji labarin janyewar ba, wasu sun ji sun ƙi yarda. Samarin da suka fusata kuwa suka juya gaba ɗaya wajen lauya Nadim. Da aka gama ƙirga, Shahzeb ya faɗi, na Pir ya faɗi, lauya Nadim ya ci. A karo na farko tun da aka yanka mazaɓar, kujera ta bar gidajen biyu.

Sai Karmu ya zama ba shi da kowa. Gidan Malik suka ce ya ci amanarsu, ya janye da baki, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ce a zaɓe shi. Gidan Pir suka ce da bai tara jama'a ba da muridai ba su watse ba. Samari suka ce ya sayar da su. Wasu masu zurfin tunani suka gano cewa tun farko shi da lauyan bakinsu ɗaya, ya tara masa jama'a ne ya miƙa masa ta hanyar da babu mai zargi.

Ya yi makonni bai fito ba. Da ya fito, wata rana da tsakar rana tasha ba kowa saboda zafi, ya zo ya zauna. Na zuba masa shayi. Na zauna ta ɓangaren kunnensa mai ji.

"Karmu, mun tsufa. Ka faɗa min ni kaɗai. Me ya faru?"

Ya daɗe yana juya kofin. "Kausar ce ta zo da 'ya'yanta. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakina. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. In zan fita sai na tsallake ƙafarta, in zan shiga sai na tsallake. Kwana biyu. Kai me za ka yi?"

"Abin da ka yi. To sauran ukun fa? Na baya?"

"Na baya babu wanda ya zauna min a ƙofa."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na sani." Ya shanye shayin ya ajiye kofi. "In na ce maka babu kowa a bayana, za ka yarda?"

Na sunkuya na ɗauki kofin da ya ajiye. Ya dafa kafaɗata ya miƙe. "Bar shi, Lala. Ko Sugran ba ta yarda ba."

Da zancen ya tsaya nan, da na ce na sami natsuwa. Amma ba a rufa wata biyu ba aka ɗauki Tanwir aikin awon rake a kamfanin sukarin gidan Malik, gidan da ke cewa Karmu ya ci amanarsu. Kausar ta ce wa matata diyyar ƙafa ce, don kada su kai ƙara wajen sabon ɗan majalisa. Manzur ya ce cikon ciniki ne. Ban sake tambayar Karmu ba.

Sana'arsa ma ta mutu a hannunsa. Manoma suka koma farantan sola, injin dizal ya zama kayan gwangwan. Ya sayar da shagon ga wani mai gyaran waya. Ya koma zama a kan gadon igiya a ƙofar gida, yana gyara wa matan unguwa keken ɗinki da fanka. Lauya Nadim ya taɓa zuwa gaishe shi sau ɗaya, ya tsaya a tsaye, bai daɗe ba. Wannan ma sai da aka yi mako ana tattauna shi a rumfata.

Ya rasu a lokacin girbin alkama, bayan gajeriyar jinya. Jana'izarsa ta tara mutane fiye da yadda na zata. Malik Sikandar ya zo da sandarsa, tsoho Pir ya aiko ɗansa, lauya ya zo, samarin da suka jefi shagonsa su suka ɗauki makara. A sahu kowa yana satar kallon kowa, ana lura da wanda ya fi daɗewa a bakin kabari. Ranar sadakar uku tukwanen shinkafa biyu suka iso ƙofar gidan a bayan a-kori-kura. Direban ya ce wani ne ya biya a wajen mai dafawa, bai bar suna ba. Manzur ya ci faranti biyu, sannan ya tafi har shagon mai dafawar ya yi masa tambayoyi, ya dawo ba tare da komai ba.

Sugran tana nan da ranta. Bayan ta fita takaba ta faɗa wa matata cewa tun daga zaɓen farko babu ranar wankin da ba ta laluba aljihunsa ba, ta zazzage akwatin kayan aikinsa, har ƙasan turken ɓauna ta taɓa tonawa. Ta ce noti da ƙusa kawai take samu. Matata ta dawo ta ba ni labari tana share hawaye. Can kuma ta ce, "Amma ka ga bana ta zuba wa ɗakinta rufin kankare."

Na ce ɗanta da ke aiki a ƙasar waje, can Maskat, ne ya aiko.

Ta ce, "Haka ta ce."